Yadda Ake Gusar da Siffa a Takardar Giraf

Gusarwa ita ce ka ɗauki siffa ka kai ta wani wuri a kan takardar giraf, ba ta juya ba, ba ta ƙaru ko ta ragu ba. Kamar dai ka ja tabarma daga rana zuwa inuwa.

Kafin ka taɓa zane, rubuta lambobin kowace kusurwa a gefe. Mu ce alwatika ce: A(−2, 1), B(3, 1), C(−2, 4), aka ce ka gusar da ita taki 4 hagu, taki 3 ƙasa. Dama da hagu aikin x ne, wato lambar farko a cikin baka, sama da ƙasa na y, wato lamba ta biyu. Dama da sama ƙari, hagu da ƙasa ragi. Saboda haka za ka cire 4 daga kowane x, ka cire 3 daga kowane y.

A nan ɗalibaina suke faɗuwa kowace shekara. B ba ta ba su wahala: 3 a cire 4, saura −1. Amma da sun zo kan A, sun ga −2 a cire 4, sai wani ya rubuta 2, wani −2. Ni da bashi nake koyar da shi. Ana bin ka naira 2, ka sake cin bashin naira 4, nawa ake bin ka? Shida. To, −6 ke nan. Haka y ɗin: kana da naira 1, ka kashe 3, ana bin ka 2. Don haka A ta koma (−6, −2), B ta koma (−1, −2), C kuwa (−6, 1).

Ban yarda da ƙirga gidaje da bakin fensir ba. Idan aka ce santimita 2 su ne taki ɗaya, mai ƙirgen ido ya ɓata tun a kusurwar farko. Kuma da fensir ake wannan aiki, biro asarar takarda ce kawai.

Sai ka ɗiga sababbin kusurwoyin, ka haɗa su da rula, ka sa musu A′, B′, C′. Auna gefe ɗaya: daga A zuwa B taki 5 ne, daga −6 zuwa −1 ma 5. In ka samu 4 ko 7, koma kan lissafin bashin.