Darasi na Bakwai: Allurar Homon da Barbarar Zamani ga Awakin Madara

A ƙasar Bauchi, daga Toro da Dass har zuwa Misau da Azare, da wuya ka shiga gida ba ka ji kukan akuya ba, kuma mafi yawansu na mata ne. Jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, ita ta fi yawa, sai dogayen awakin Sahel a arewacin jihar. Awakinmu suna da juriya, suna haihuwa da kyau, sau da yawa ma tagwaye. Inda suka gaza shi ne madara. Jar akuya ba ta cika wuce rabin lita zuwa lita ɗaya a yini ba, alhali akuyar Sanen, wadda asalinta daga ƙasar Suwizalan ne, tana ba da lita biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, idan ta sami kulawa.

Sayen bunsurun irin waɗannan awaki yana da tsada, kuma zafin Maris da Afrilu yana wahalar da shi. Shi ya sa ake kawo maniyyinsa kawai, a saka wa akuyar gida a bakin mahaifa da wani siririn bututu. Wannan ita ce barbarar zamani. A Najeriya, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana wannan aiki tana kuma koyar da shi. 'Ya'yan da aka samu rabin jini ne: juriya daga uwa, madara daga uba.

Lokacin da akuya ke karɓa

Akuyar da ba ta da ciki tana neman bunsuru kusan duk bayan kwana 21. Neman yana ɗaukar yini ɗaya zuwa biyu. Za ku ga tana yawan kaɗa wutsiya, tana kuka babu dalili, gabanta ya ɗan kumbura ya yi ja, wani ruwa mai yauƙi yana fita. Cin abincinta yakan ragu, madarar ma haka. Babbar alama ita ce ta tsaya cak idan bunsuru ya hau ta. Ƙwan haihuwa yana sauka ne wajen ƙarshen wannan lokaci, kuma awoyi kaɗan yake yi yana jiran maniyyi kafin ya lalace.

Bunsuru ba ya kuskuren lokaci, don hancinsa yana gaya masa. Mai barbarar zamani kuwa daga nesa yake zuwa, da tulun maniyyi a bayan babur ko mota. Ba zai iya zuwa yau don akuya ɗaya, jibi don wata ba. Ana so awaki goma ko ashirin su nemi bunsuru a rana ɗaya, a kusan awa ɗaya. Aikin homon ke nan.

Mene ne homon?

Homon wani sinadari ne da jiki ke yi da kansa, jini ya ɗauke shi ya kai saƙo daga wani sashen jiki zuwa wani. Masana sun gano irin waɗanda ke tafiyar da haihuwa, suka haɗa makamantansu a matsayin magani.

Na farko shi ne furojestaron. Shi ne homon ɗin ciki. Muddin yana da yawa a jini, jikin akuya yana ɗauka tana da ciki, ba za ta nemi bunsuru ba. Ana jiƙa shi a wani ɗan soso mai zare, ko a wata 'yar roba da ake kira CIDR, a saka a gaban akuya ya yi kwanaki. Ranar da aka ja zaren aka cire, homon ɗin ya faɗi, duk awakin da aka cire wa sai su shiga nema kusan tare.

Na biyu shi ne furostagilandin. Bayan ƙwai ya sauka, wani ɗan rawayen ƙullutu yana fitowa a gurbinsa, shi ke yin furojestaron na jiki. Wannan allura tana narkar da ƙullutun, don kada ya ci gaba da riƙe akuyar bayan an cire soso. A shagon magani za ku gan ta da sunaye irin su Estrumate ko Lutalyse. Ku riƙe sunan nan da kyau, za mu dawo kansa.

Na uku kuwa a jikin kwalbarsa an rubuta PMSG ko eCG. Daga jinin goɗiya mai ciki ake samo shi. Yana sa ƙwai ya nuna da wuri, ya sauka a kan lokaci. Akwai kuma GnRH, wanda wasu likitoci ke ƙarawa a daidai lokacin barbara don ya taimaka ƙwai ya sauka. Wannan ba dole ba ne, likita ne zai duba ko akwai buƙata.

Lissafin kwanaki

Ga tsarin da aka daɗe ana bi a Faransa, inda kiwon awakin madara ya yi ƙarfi. Soso yana yin kwana 11. Saura kwana biyu a cire shi, sai a yi allurar PMSG da furostagilandin. Bayan an cire, a jira awa 43 zuwa 45, sannan a saka maniyyi.

Mu ɗora shi a kan kwanakin mako. An saka soso ran Alhamis. Ku ƙidaya kwana tara, za ku faɗa kan Asabar ta makon gaba: ranar allura ke nan, da ƙarfe 2 na rana. Ran Litinin da ƙarfe 2 na rana a cire soso. Daga nan zuwa Talata ƙarfe 2 awa 24 ne. A ƙara awa 19, an kai Laraba ƙarfe 9 na safe. Awa 43 sun cika, lokacin barbara ya yi.

Akwai gajeren tsari na kwana 5 zuwa 7, akwai kuma na allurar furostagilandin sau biyu da tazarar kwana 11 ba tare da soso ba. Likita zai zaɓi wanda ya dace da irin awakinku, zai kuma iya ɗan sauya awoyin. Abin da ba ya sauyawa shi ne kiyaye agogo. "Bayan Azahar" ba lokaci ba ne a wannan aiki, domin tsakanin Azahar da La'asar akwai awoyin da za su iya ɓata komai. A rubuta awar da aka cire soso a littafi nan take. Wanda bai gama iya rubutu ba ya sa yaro ya rubuta, ko ya kafa ƙararrawar waya. Wannan ma wani amfanin ajinmu ne.

Ran Talata wajen ƙarfe 8 na dare, wato kimanin awa 30 bayan cire soso, a duba waɗanda suka shiga nema. A ɗaura wa bunsuru buhu ko ƙyalle mai kauri a ƙarƙashin ciki yadda ba zai iya barbara ba, a zaga da shi. Akuyar da ba ta nuna alama ba har wannan lokaci, da wuya ta ɗauka washegari, gara a adana maniyyinta.

Kuma don Allah a ɗaure awakin. Daga ranar da aka saka soso har kwana biyu bayan barbara, kada su fita yawon unguwa. Duba zaren sosonsu safe da yamma ya zama dole, domin yakan faɗi. Idan aka bar ƙofa a buɗe ran Talata, bunsurun maƙwabta zai riga likita, bayan wata biyar a haifi jar akuya zalla, kuɗin magani ya tafi a banza.

Wace akuya za a zaɓa?

A nan ne aka fi yin asara, don haka mu ɗan tsaya. Ga irin zancen da ake yi a wurin zaɓe:

"Malam, ga wannan, shekara biyu ke nan ba ta haihu ba. Ita nake so a fara yi wa allurar."

"Inna, ki yi haƙuri, ita ce ta ƙarshe da zan zaɓa. Kawo mini waccan da ta haifi tagwaye bara ba tare da wahala ba."

"To ai ita ba ta da matsala, ɗana."

"Shi ya sa nake son ta, Inna. Maniyyin nan da tsada. Wannan kuwa sai mun duba abin da ya hana ta tukuna."

Gaskiyar malamin dabbobi ce. Homon yana tsara lokaci ne ga akuya mai lafiya. Ba ya warkar da ciwon mahaifa, ba ya kashe tsutsar ciki, ba ya maye gurbin abinci. Akuyar da haƙarƙarinta ke ƙidayuwa daga nesa, ko ta nuna alamar nema saboda allura, cikin ba lalle ya zauna ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wadda ta yi ƙiba fiye da kima ita ma ba ta ɗauka da sauƙi.

Saboda haka shiri yana farawa tun saura wata guda. A ba da maganin tsutsa. A yi rigakafin PPR, cutar nan mai sa majina da gudawa, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, a jihar Filato, ke yin allurarta, a gama tun kafin a saka soso. Saura mako biyu zuwa uku a ƙara abinci: harawa, ƙowa, dusa, ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya, 'ya'yan gawo in ana samu, da gishirin lasa da ruwa mai tsabta. A ci gaba da haka har bayan barbara, kada a sauya abinci kwatsam.

A bar wadda ba ta yi wata biyu da haihuwa ba. A bar ƙaramar da ba ta kai kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta ba. Wadda ta taɓa yin ɓari a kai ta a duba jininta saboda bakkale, cutar da ke kama mutum ta hanyar ɗanyar madara da taɓa mabiyiya. Mai ƙaramin ƙugu ma a yi hattara, domin ɗan Sanen ya fi ɗan jar akuya girma, yana iya maƙalewa.

Haɗarin da ke ciki

Mu koma kan furostagilandin. Cikin akuya, daga farkonsa har ƙarshensa, ya dogara ne da wancan rawayen ƙullutu. Idan aka yi wa mai ciki wannan allura, za ta yi ɓari, ko cikin na wata ɗaya ne ko na wata huɗu. Tunda awakinmu suna cuɗanya da bunsuraye kullum, da yawa suna da ƙaramin ciki ba a sani ba. Ko dai a yi musu hoton ciki kafin a fara, ko a raba su da bunsuru na fiye da mako uku a ga sun nema.

Maganin yana ratsa fatar mutum. Mace mai juna biyu kada ta taɓa kwalbar, kada ta riƙe sirinji. Mai ciwon asma ma haka. Wanda zai yi aikin ya sa safar hannu, in ya zuba a jiki a wanke da sabulu nan da nan. A ajiye shi inda yara ba sa kaiwa. Ina ƙara nanata wannan ne saboda mata ne ke riƙe da awakin, kuma su ake kira su kama akuya idan likita ya zo.

PMSG kuma, ƙara yawansa ba ƙarin alheri ba ne. Idan ya yi yawa akuya tana iya ɗaukar 'ya'ya uku ko huɗu, su fito ƙanana marasa ƙarfi, uwar ma ta kwanta a ƙarshen ciki. Idan ana maimaita shi a kai a kai, jikin akuya yana fara yaƙar sa, ya daina aiki yadda ya kamata, shi ya sa ba a so a yi wa akuya ɗaya fiye da sau ɗaya a shekara. Yana kuma buƙatar sanyin firiji, ma'auni 2 zuwa 8. Wanda ya yini a kan tebur a kasuwa cikin rana, ku bar wa mai shi. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ku tambayi likita ko akwai kwanakin da za a dakatar da shan madarar, a bi abin da takardar maganin ta ce.

Maniyyin da aka daskarar yana zaune ne cikin ruwan naitorojin mai sanyin 196 ƙasa da sifiri. Ana narkar da shi a ruwan ɗumi na ma'auni 35 zuwa 37, kimanin daƙiƙa 30, a saka nan take. Naku shi ne ku tanadi inuwa, ruwan ɗumi a filas, da masu kama akuya a hankali ba duka ba ja.

Bayan barbara

Ba duka ne za su ɗauka ba. Ko a Faransa, kimanin shida cikin goma ne ke haihuwa daga maniyyin da aka daskarar. Daga kwana 18 zuwa 24 a sa ido. Wadda ta sake nema ba ta ɗauka ba, a ba ta bunsuru mai kyau kada ta rasa zagayen. Wadda ta yi shiru a yi mata hoto bayan kwana 40, domin akwai cikin ruwa, inda mahaifa ke cika da ruwa babu ɗa.

Ciki kwana 150 ne, wato wata biyar. Wadda aka yi wa ran 1 ga Fabrairu za ta haihu wajen 1 ga Yuli, ciyawa ta fito, madara za ta samu, sai dai dole a ɓoye harawar da za ta ci a bazara, a kuma kula da tsutsar damina. Wadda aka yi wa a Nuwamba ta shiga ciki da ƙoshin kaka, amma za ta haihu a Afrilu, tsakiyar zafi da ƙarancin abinci. A ganina lissafin rumbun harawa ya kamata ya zaɓi watan.

Mai akuya biyu ko uku ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Kwalbar magani ɗaya tana isar awaki da dama, kuma da zarar an haɗa PMSG da ruwansa dole a yi amfani da shi a lokacin. Ku haɗu a ƙungiya, ku tara awakin a gida ɗaya, ku nemi malamin gona na BSADP, wato hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Bauchi, ko asibitin dabbobi mafi kusa su haɗa ku da wanda ya koyi aikin.

Aikin gida

Ku ja layi biyar a littafinku, ku rubuta a kansu: sunan akuya ko alamarta, ranar saka soso, ranar allura, rana da awar cirewa, ranar barbara. Sannan ku amsa waɗannan.

An saka soso ran Asabar. Wace rana za a yi allura, wace rana za a cire?

An cire soso ran Laraba da ƙarfe 1 na rana. Yaushe awa 43 za su cika?

An yi barbara ran 10 ga Janairu. A wane wata za a sa ran haihuwa, kuma wane abinci ake samu a garinku a wannan wata?

Su wane ne a gidanku bai kamata su taɓa kwalbar furostagilandin ba?