Yadda Ake Zaɓen Na'urar Matsi da Dayis na Sake Cika Kwanson Harsashi

A Amurka mafarauta da masu gasar harbi kan tattara kwanson tagulla su sake cika shi a gida, dokar tarayya ba ta neman lasisi muddin ba sayarwa za a yi ba. A Najeriya kuwa haɗa harsashi ba izini laifi ne. Ga yadda masu sana'ar can ke zaɓen kaya, wato na'urar matsi da ake jan hannunta, da dayi, ƙarfen da ake ɗaura mata, ta tura kwanso cikinsa a yi masa aiki.

Da farko, ka ƙidaya harsashi nawa kake harbawa a wata, shi ne zai faɗa maka irin na'urar da ta dace, cikin iri uku da ake da su.

Mai ramin dayi ɗaya, kamar RCBS Rock Chucker ko Forster Co-Ax, aiki ɗaya take yi a kowane ja. Sai ka gama matse kwanso hamsin, ka kwance dayi, ka ɗaura na gaba. Tana da nawa, amma idonka na kan komai, shi ya sa ta fi dacewa da ɗan koyo da mai doguwar bindiga. Mai kai mai juyawa, irin Lee Classic Turret mai rami 4 ko Redding T-7 mai 7, dayis ɗinta na zaune a saite, juyawa kawai ake yi. Sai mai aiki a jere, wadda kwanso ke bin tasha-tasha, kowace da aikinta, Dillon RL550C mai tasha 4 ko XL750 mai 5: kowane ja harsashi ɗaya ke faɗowa. A nan ne hatsari yake. Hankali ya ɗan gushe, albarushi ya shiga kwanso sau biyu, ko bai shiga ba sam. Amfanin tasha ta biyar ke nan, a sa mata abin da ke duba albarushi.

Na biyu, duba zare, wato tsagar da ake murɗa dayi da ita a jikin na'ura, kamar ta noti. Yawancin dayis zarensu 7/8-14 ne, na Lee zai hau na'urar RCBS lafiya. Dillon Square Deal B ce ba ta karɓar na kowa sai nata. Lambar mariƙin kwanso ma, ƙarfen da ke riƙe gindin kwanso a na'ura, kowane kamfani da tasa.

Na uku, siffar kwanso. Mai wuya, irin .308, dayis biyu sun ishe shi: ɗaya ya mayar da shi girmansa, ɗaya ya dasa kan harsashi. Mai miƙaƙƙen jiki, irin .38 Special, uku yake so, don sai an ɗan buɗa bakinsa. Ga wannan, sayi dayi mai zoben kabayid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, ba ya buƙatar a shafa wa kwanso mai. Mai wuya kuwa dole a shafa masa. In ka manta, kwanso ya maƙale a cikin dayi, gindinsa ya tsinke, aikin yini ya tsaya. In man ya yi yawa, za ka ga kafaɗarsa ta lotsa.

Matse wuya kaɗai na ƙara wa kwanso kwana, amma a bindigar da ta harba shi kawai zai shiga daidai. Bindiga mai sarrafa kanta kuwa sai an matse jikin kwanso duka.

Na huɗu, rufe baki. Libarba, ƙaramar bindiga mai gidan harsashi mai juyawa, ana lanƙwasa mata bakin kwanso ya kama harsashi. Kada a yi wa 9mm ko .45 ACP haka, da bakin suke tokare a ɗakin bindiga, inda harsashi ke zama kafin a harba, tsukewa kaɗan ake yi.

Daga nan ka ɗaure na'urar da noti a tebur mai kauri, ka sayi sikeli da ma'aunin tsawo. Awon albarushi daga littafin kamfani ake ɗaukarsa, Lyman ko Hornady, a fara da mafi ƙanƙanta.