Yadda Ake Rubuta Takardar CV Ta Neman Aiki

Kafin ka rubuta komai, karanta sanarwar aikin sau biyu. Abin da suka ce suna nema shi za ka sa a gaba, domin CV ɗaya ba ta dacewa da kowane aiki.

1. A saman shafi sa cikakken sunanka, lambar waya da adireshin imel. Imel ɗin ya ɗauki sunanka, ba laƙabin da abokai suke tsokanarka da shi ba.

2. Rubuta layi biyu ko uku kan abin da ka iya.

3. Sai ayyukan da ka yi, ka fara da na baya-bayan nan. Kowanne ka sa sunan wurin, muƙaminka, da shekarar farawa da ta barinsa. Nan ne da yawa suke tuntuɓe: sai su jera abin da aka ɗora musu, su manta abin da suka cim ma. "Na kula da rumbu" bai kai "Na tsara rumbu har kaya suka daina ɓacewa" ba. In akwai adadi ka sa, amma na gaskiya, don za a tambaye ka a wurin ganawa. Wanda bai taɓa aiki ba ya sa aikin sa-kai ko koyon sana'a.

4. Karatu da takardun shaida, da shekarunsu.

5. Ƙwarewa, kamar harsuna da sarrafa kwamfuta.

6. Kada ta wuce shafi biyu. Ba wani ya duba maka kurakurai, ka adana ta a PDF da sunanka, sannan ka aika.