Yadda Ake Ziyartar Kamakura a Kuma Kwana a Cikinsa

Yawancin masu zuwa Kamakura daga Tokyo suke tasowa da hantsi, su yi cincirindo gaban babban mutum-mutumin Buddha, su ɗauki hoto, kafin magariba sun juya. Ni shawarata ka kwana, ko da dare ɗaya ne. Garin yana jihar Kanagawa, kimanin kilomita 50 kudu da Tokyo, kuma nan ne Minamoto no Yoritomo ya kafa mulkin mayaƙa na farko a Japan, wanda ya ɗore daga 1185 zuwa 1333. Tuddai sun kewaye shi ta gabas da yamma da arewa, tekun Sagami ya tsare kudu, ganuwa ce da ba hannun mutum ya gina ba. Kyan garin da natsuwarsa ba sa fitowa sai da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da 'yan yini suka watse.

Mataki na farko: zaɓi lokaci

Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu furen sakura ke buɗewa. Nuwamba zuwa farkon Disamba ganye ke rinewa ja da rawaya. A watan Yuni damina ce, furen ajisai na cika haikalin Meigetsu-in da na Hasedera, sai dai layin shiga yana da tsawo. Ka kauce wa dogon hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da ranakun Asabar da Lahadi in da hali. Mai son ganin dutsen Fuji sarai daga bakin teku ya zo cikin hunturu, ya taho da rigar sanyi mai kauri.

Mataki na biyu: kama masauki tun kafin ka taso

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin masaukai a Kamakura ba su da yawa, kuma da wuri suke cika. In sauƙin zirga-zirga kake so, nemi otal kusa da tashar jirgin ƙasa, irin Hotel Metropolitan Kamakura da ke kan titin Wakamiya Oji. In teku ne ya kawo ka, Kamakura Prince Hotel yana kan tudu a Shichirigahama, ɗakunansa na fuskantar ruwa. Mai ƙaramin guzuri kuwa akwai ƙananan gidajen baƙi a unguwannin Hase da Yuigahama, ko ya sauka a Ofuna ko Fujisawa, mintuna kaɗan a jirgi, inda otal-otal suka fi yawa.

Amma in aljihunka zai ɗauka, gwada ryokan, wato masaukin gargajiya, kamar Kaihinso da ke kusa da gaɓar Yuigahama, wanda gininsa na 1924 ne. A bakin ƙofa za ka tuɓe takalmi. Ɗaki shimfiɗe yake da tabarmar tatami, da dare a shimfiɗa maka katifa a ƙasa, abin da ba zai zame wa Bahaushe baƙo ba. Abu biyu ka sani tun da wuri. Kuɗin ryokan bisa kan mutum ake lissafa shi, ba bisa ɗaki ba, kuma galibi ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Sannan wurin wanka sau da yawa na tarayya ne, maza daban mata daban, ba tufafi ake shiga ba. In hakan bai kwanta maka ba, nemi ɗaki mai banɗakinsa tun wajen yin rajista. A saƙon nan kuma ka rubuta musu cewa ba ka cin naman alade, ba ka son a sa giya a girki, domin sake da mirin, wato nau'o'in giyar shinkafa, suna shiga miyar Japan sosai. Suna mutunta irin wannan roƙo in an faɗa da wuri, amma ranar da ka iso an riga an yi cefane.

Mataki na uku: hanya

Daga tashar Tokyo, layin JR Yokosuka zai kai ka cikin kusan awa ɗaya, ba sauya jirgi. Sayi katin Suica ko Pasmo ka zuba masa kuɗi, ka huta da layin tikiti. Akwai kuma hanyar Odakyu daga Shinjuku zuwa Fujisawa, wadda ke ratsa Yoyogi-Uehara inda babban masallacin Tokyo Camii yake, ga wanda tafiyarsa ta faɗo Juma'a. Ka riƙe ƙaramar darduma a jaka. Alƙibla a Japan tana yamma, ta ɗan karkata arewa.

Mataki na huɗu: yinin farko, daga tudu zuwa teku

Kada ka bari sai tashar Kamakura. Sauka a Kita-Kamakura, tasha ɗaya kafin ta. Haikalin Engaku-ji na 1282 yana daf da tashar, an gina shi ne domin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin da Mongol suka kawo wa Japan, na ɓangarorin biyu. Gaba kaɗan sai Kencho-ji na 1253. Ba wanda zai tilasta maka rusuna wa wani abu ko ƙona turare. Ka biya kuɗin ƙofa, ka kalli aikin katako da lambuna, ka rage murya saboda masu ibadarsu.

Daga nan gangara da ƙafa zuwa Tsurugaoka Hachimangu, wurin bautar da Yoritomo ya dawo da shi nan a 1180, ya kuma tsara garin daga ƙofarsa. Tsaya a saman matakala ka dubi kudu: titin Wakamiya Oji ne ya miƙe ɗoɗar har bakin teku. Turbar da aka ɗaga a tsakiyarsa, Dankazura, a 1182 aka yi ta, lokacin da matar Yoritomo, Hojo Masako, take da juna biyu.

Abincin rana a titin Komachi. Nemi shirasu, 'yan mitsi-mitsin fararen kifi da ake zubawa kan shinkafa, ɗanye ko dafaffe. Daga Janairu zuwa 10 ga Maris an hana kamunsa, don haka dafaffe kawai za ka samu. Hukumar garin tun 2019 take roƙon baƙi su daina ci suna tafe, to ka tsaya bakin shagon ka cinye, ka kuma sa shararka a jaka, domin kwandon shara ba ya da yawa.

Yawancin wuraren tarihi suna rufewa tsakanin ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi. Kada ka yi baƙin ciki. Hau ƙaramin jirgin Enoden, wanda ke aiki tun 1902, yana kutsawa tsakanin gidaje har kamar ka miƙa hannu ka taɓa katanga, ka sauka a Inamuragasaki. Ta wannan ƙusurwar ce Nitta Yoshisada, jagoran yaƙin da ya kifar da mulkin mayaƙan Kamakura, ya zagayo da rundunarsa a 1333, ya shiga garin ta gaɓar teku bayan mashigun tudu sun gagare shi. Zauna a nan har rana ta faɗi ta wajen tsibirin Enoshima. Hattara da shirwa: ta bayanka take saukowa, ba ƙara ba motsi, sai dai ka ga burodin da ke hannunka ya yi sama. Kada ka bar yaro da abinci a fili.

Mataki na biyar: safiyar da ka kwana dominta

Bayan asuba fita gaɓar Yuigahama. Masu yawo da karnuka ne kawai da 'yan wasan igiyar ruwa. Ka lura da allunan da ke nuna tsayin wuri daga teku da hanyar gudu zuwa tudu. Ba ado ba ne: igiyar tsunami ta afka wa gaɓar nan a girgizar ƙasar 1923. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi, nufi tudu nan take.

Ƙarfe takwas ka kasance a ƙofar Kotoku-in, haikalin da babban mutum-mutumin Buddha yake, da yen 300 ɗinka. Mutum-mutumin tagulla ne, tsayinsa ya haura mita 11, an fara zubin sa a 1252. Da can cikin babban zaure yake, guguwa ta sha rushe zauren, tun ƙarshen ƙarni na 15 yake zaune a fili, ruwa da iskar teku sun mayar da shi kore. Duba ƙasa za ka ga manyan duwatsun da ginshiƙan zauren suka tsaya a kai. Ana shiga cikinsa ta wata 'yar ƙofa, a ga yadda maƙera suka haɗa shi hawa-hawa. Hasedera tafiyar 'yan mintuna ce daga nan, kuma daga farfajiyarsa ta sama ana hango gaɓar gaba ɗaya.

In da sauran lokaci, hau bas daga tasha zuwa haikalin Hokoku-ji, ka sha koren shayi cikin kurmin gora. Tsarabar gida kuwa, tsaya a shagon Toshimaya kusa da tasha ka sayi hato sabure, biskit mai siffar tantabara, a cikin gwangwaninsa mai launin rawaya, wanda ba ya karyewa a akwati.