Yadda ake gano dangin dabbar teku daga ƙashinta da ya zama dutse

A Kano ba za ka tono irin waɗannan ƙasusuwa ba, domin birnin yana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri. Amma Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku, kuma can aka samo Goronyosaurus, wata tsohuwar dabbar teku dangin ƙadangaru (irin da ake kira mosaso), wadda ta ci sunan Goronyo a 1972. To, in an miƙo maka hoto ko ƙashi a ajin ilimin duwatsu na Jami'ar Bayero, ta ina za ka fara?

Da farko tambayi shekarun dutsen da aka ciro shi, domin manyan rukunoni uku na dabbobin teku dangin masu rarrafe za mu duba: iktiyoso, pilesiyoso da mosaso. Iktiyoso sun ƙare kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, su kuwa pilesiyoso da mosaso sun rayu har zuwa shekara miliyan 66 da suka wuce. In dutsen bai kai shekara miliyan 90 ba, cire iktiyoso daga lissafi.

Sai ka ɗauki gaɓar ƙashin baya, nan aikin yake. Ta iktiyoso gajera ce, da rami gaba da baya, kamar wadda kake tsotsa a miyar kifi. Ta pilesiyoso bakinta kusan a shafe yake, da ƙananan huji biyu a ƙasa. Ta mosaso rami ne a gaba, ƙululu a baya, kowace na shiga cikin 'yar'uwarta, irin na guza da maciji. Juya ta a hannu sosai, kada ka yi gaggawa.

In akwai ƙoƙon kai, leƙa ganɗa. Mosaso na da ƙarin haƙora a can, ga kuma mahaɗa a tsakiyar muƙamuƙin ƙasa. Irin waɗannan alamu ne suka sa masanin Faransa Georges Cuvier ya ce a 1808 mosason da aka tono a Maastricht ta ƙasar Holan dangin ƙadangaru ne, ba kada ba.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne siffar jiki. Iktiyoso kamar kifi yake, amma kama da wane ba ta wane. Ruwa ne ya sassaƙa su iri ɗaya. Kuma duk cikin rukunonin nan uku babu dainoso, ko da yara sun rantse.

Daga nan ka jera alamomin a jadawali, akwai ko babu, ga kowace dabba. Alamar da zuriya ta ƙirƙiro sabuwa ita ke nuna zumunta, ba wadda kowa ya gada tun kaka da kakanni ba. Kwamfuta za ta zana bishiyar dangi. In sabon ƙashi ya fito, a sake lissafi.