Kurakuran da aka fi yi wajen sayen kayan sauti masu tsada

Mai sayen amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ko lasifika mai tsada a Maraɗi yakan fara duba sunan da ke goshin na'urar, kuma daga nan ne babban kuskuren yake farawa, domin suna yana iya ci gaba da yawo a kasuwa bayan kamfanin da ya kafa shi ya durƙushe. Misali, kamfanin kayan sauti na Onkyo, wanda aka kafa a Osaka ta ƙasar Japan a 1946, ya karɓi sashen kayan sautin gida na Pioneer a 2015, amma bashi ya yi masa katutu har ya sayar da wannan harka a 2021 ga haɗin gwiwar kamfanonin VOXX da Sharp, sannan ya bayyana karyewarsa a watan Mayun 2022. Har yau ana ƙera kaya da sunan Onkyo, sai dai masu shi daban ne. Saboda haka, kafin ka biya, ka tambayi shekarar da aka ƙera na'urar da kuma wanda zai ɗauki nauyinta idan ta lalace, kuma ka sa mai shago ya rubuta garantinsa a takardar saye.

Kuskure na biyu shi ne ɗauka cewa tsada tana nufin ƙarko. Wasu na'urorin Onkyo da aka ƙera tsakanin 2009 da 2012 sun yi fama da ɗaukewar sauti saboda lalurar allon HDMI, wato sashen da ake jona wayar da ke ɗauke da hoto da sauti, har kamfanin ya tsawaita garantinsu. Irin waɗannan suna iya shigowa cikin kayan gwanjo da fuska fes, shi ya sa gwajin minti biyar ba ya isa. A bar ta tana aiki har ta ɗauki zafi, a gwada kowace kafa ta bayanta.

Sai dai a ganina, ana yawan ɗora wa kamfani laifin da namu ne. Na'urar da aka yi don Japan tana aiki da bolt 100, ta Amurka da 120, alhali wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, 220 ce, kuma jona ta kai tsaye yakan ƙone ta nan take. A karanta abin da ke rubuce kusa da wayar wuta, a sayi taransifoma idan da bukata, a haɗa da na'urar daidaita wuta saboda hawa da saukar lantarki da ta janareto. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu ma suna cin na'ura, musamman wadda aka kulle a kabad marar iska.

Akwai kuma masu jin kamfani ya karye sai su karyar da na'urarsu mai lafiya. Tsohuwar amfilifaya marar manhaja, mai gyaran rediyo yakan tashe ta da kayan da ake samu a Katsina ko Kano. Wadda ta dogara da intanet da sabunta manhaja ita ce abar tsoro, domin ranar da kamfanin ya daina kula da ita, babu mai gyaran da zai maido mata wannan aikin.