Yadda ake cike fom ɗin W-8BEN ga mai asusu a Amurka

Idan kana zaune a Kano ko Maraɗi amma kana da asusu a banki ko kamfanin hannun jari na Amurka, ko ba daɗe ko ba jima za a turo maka wani fom mai shafi ɗaya, W-8BEN. Mutane da yawa da zarar sun ga sunan IRS, hukumar harajin Amurka, sai gabansu ya faɗi, su ture shi gefe. Alhali ba takardar biyan haraji ba ce. Shaida ce kake bayarwa cewa kai ba Ba'amurke ba ne, kuma ba can kake zaune ba. Ƙin cikewar ne ke jawo asara, domin banki na iya fara cire kashi 24 ko 30 cikin ɗari daga abin da asusun ya samar.

Da farko tabbatar fom ɗin naka ne. Ɗan ƙasar Amurka da mai katin zama na dindindin W-9 suke cikewa, ko da a Zariya suke kwana. Wannan ya shafi yaran da aka haifa a can aka dawo da su gida tun suna goye. Kamfani kuwa nasa daban ne, W-8BEN-E.

Sai Sashe na Ɗaya. Rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo, in Muhammad ne kada ka sa Mohammed. Layi na 2 ƙasarka. Layi na 3 shi ne inda na fi ganin ana tuntuɓe: adireshin gidan da kake zaune ake so, ba akwatin gidan waya ba, ba kuma “ta hannun wane” ba. Na san gidajenmu da yawa ba su da lamba, to ka sa sunan layi, unguwa da gari. Kada ka ari adireshin ɗan'uwanka da ke Houston don ya fi kyan gani; da sun gan shi za su nemi ƙarin hujja, magana ta yi tsawo. Layi na 5 na mai lambar harajin Amurka ne, in ba ka da ita ka wuce. A layi na 6a ka sa ta ƙasarka, TIN a Najeriya, NIF a Nijar.

Ranar haihuwa a layi na 8, wata ake fara rubutawa, sannan rana, sannan shekara. Ni kaina an taɓa dawo mini da fom saboda na rubuta 25-03 a inda ya kamata 03-25.

Sashe na Biyu na ƙasashen da ke da yarjejeniyar haraji da Amurka ne. Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Cadi da Sudan duk ba su da ita. A Afirka, Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu ne ke da ita. Saboda haka bar wurin ba komai. Ribar da kamfanonin Amurka ke raba wa masu hannun jari za a cire maka kashi 30, ba makawa: dala 100 ta zama 70. Kuɗin ruwa na ajiyar banki kuwa, ga wanda asusunsa ke da shi, galibi ba a cire wa baƙo komai matuƙar fom ɗinsa na nan. Ina roƙonka kada ka rubuta wata ƙasa don neman ragi, domin sa hannun da za ka yi a Sashe na Uku rantsuwa ce a dokarsu.

Ka sa hannu, ka sa kwanan wata, ka mayar wa bankin da ya nema. Ba IRS ake aika wa ba. Ajiye kwafi.

Fom ɗin yana ƙarewa a ƙarshen shekara ta uku bayan wadda ka sa hannu a cikinta. Wanda aka cike a watan Yunin 2025 zai kai 31 ga Disamba 2028. In wani abu ya canza kafin nan, kamar ka koma Amurka da zama, kwana 30 gare ka ka sanar da bankin. Wajen tsakiyar Maris kuma ka duba ko sun turo maka 1042-S, takardar da ke nuna abin da ka samu da abin da aka cire. In cirewar ta wuce ƙa'ida, da ita za ka haɗa fom 1040-NR ka nemi a mayar maka.